Mutane ne ke ɗaga kamfani ko dabarar da aka kafa shi a kanta?

Abu Khadija:
Slm jama'a. Akwai maganar da ke yawan dawowa duk sanda aka zo batun kafa kamfani, wani ya ce shi dai in ya samu dabara mai kyau shikenan ya gama, wani ya ce a'a mutanen da za ka yi aikin da su su ne komai. Ni ina ɓangaren mutane kuma ba na ɓoyewa, bari in kawo dalilina sai ku yi min gyara.

A 1956 William Shockley ya buɗe kamfaninsa a Mountain View, jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutumin nan yana cikin ukun da suka ƙirƙiro tiransista, ɗan ƙaramin abin nan da ke sarrafa wutar lantarki a cikin rediyo da kwamfuta, a wannan shekarar ma aka ba su kyautar Nobel, kuma ya bi ya tsinto matasan masana irin waɗanda kowa ke rububi. Ilimi akwai, suna akwai, jari akwai. Amma zama da shi ya gagara, zargi ya yi masa yawa, har akwai ranar da wata sakatariya ta yanke a yatsa da wani ɗan tsinin ƙarfe a ofis ya ce ai makirci ne aka ƙulla, ya nemi a sa ma'aikata a na'urar gano ƙarya. 1957 mutum takwas suka ajiye masa aikinsa suka je suka kafa Fairchild Semiconductor, daga baya biyu a cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka kafa Intel a 1968. Shi kuwa kamfanin Shockley bai taɓa ganin riba ba har aka sayar da shi a 1960. Toh ku gaya min, in dabara ce ke riƙe kamfani me ya sa mai Nobel ɗin ne ya durƙushe yaransa suka tashi?

Injiniya Sabo:
Wslm. Abu Khadija labarin nan da ka kawo ai ni yake goya wa baya, ka bar rabinsa ne. Ba halinsa kaɗai ya kore su ba. Su takwas ɗin so suke a mai da hankali kan tiransista ta silikon wadda kasuwa ke jira, shi kuma ya kafe kan wata na'ura tasa mai hawa huɗu da ke da wuyar ƙerawa kuma masu saye ba su da yawa. Wato ya riƙe dabarar da ba ta yi ba, su suka fita da wadda ta yi. Da sun fita sun je sun ci gaba da tasa ɗin, da yau ba wanda ya san sunansu.

Kuma ga Quibi nan. Jeffrey Katzenberg wanda ya riƙe sashen fina-finan Disney kuma yana cikin waɗanda suka kafa DreamWorks, da Meg Whitman da ta shugabanci eBay da HP, dan Allah wa zai ce waɗannan ba ƙwararru ba ne? Suka tara dala biliyan 1.75, suka ce za su riƙa sayar wa mutane gajerun shirye-shirye na minti goma a waya, alhali YouTube da TikTok na ba da irinsa kyauta. Afrilun 2020 aka buɗe, Oktoba aka sanar za a rufe. Wata shida. Ina mutanen suka shiga?

Hajiya Binta:
Amma Injiniya ai lokacin korona suka fito, kowa na zaune a gida gaban talabijin, su kuma an yi abin ne don mai jiran mota ko mai bin layi

Injiniya Sabo:
Hajiya a daidai wannan lokacin TikTok ya fi kowane lokaci samun jama'a, kuma shi ma a waya ake kallonsa. Korona ta ƙara musu ciwo amma ba ita ta kawo cutar ba.

Abu Khadija:
Na karɓi maganar na'urar Shockley, haka ne. Amma ka duba da kyau, wa ya gane cewa hanyar ba mai ɓullewa ba ce? Mutanen cikin gidan. Sun faɗa, har wajen mai jarin kamfanin Arnold Beckman suka kai ƙara, aka ƙi ji. Dabara mai kyau tana cikin ginin tun farko, a kan mutanen da aka hana magana. Quibi ma haka nake ganinsa, sun fito ba ka iya ɗaukar hoton allo ka tura wa abokinka, ba ka iya jefa shirin a talabijin, kana nufin duk cikin ɗaruruwan ma'aikatansu babu matashi ɗaya da ya san cewa abin da ba a iya turawa ba ya yaɗuwa? Ni in na ce mutane ba manyan sunaye biyu na sama nake nufi ba.

Autan Zaure:
Yayyena ni fa tambaya ce da ni ta gaske. Inada wata dabara ta manhaja da nake ta juyawa a raina, wlh ko abokina na kusa ban gaya wa ba saboda tsoron kar a sace, kuma ni ban iya rubuta manhaja ba dole sai na nemo wanda ya iya, toh in na gaya masa ya je ya yi abinsa ni kuma fa? Shi yasa nake ganin dabarar ita ce dukiyar, in ba haka ba me yasa ake sata

Malam Tijjani:
Auta bari in fara da kai kafin in shiga tsakanin yayyenka. Kusan duk babban kamfanin da ka sani ba shi ya fara kawo dabararsa ba. Kafin Facebook a 2004 akwai Friendster a 2002 da MySpace a 2003. Kafin Google a 1998 mutane suna bincike da AltaVista tun 1995. Abin da kake riƙe da shi a rai, akwai yiwuwar wasu a wata ƙasa suna tunaninsa yanzun nan, ɓoyewar ba ta kare ka daga su, tana hana ka jin inda ya karkace ne kawai.

Game da muhawarar kuma, tsohuwa ce a wajen masu zuba jari, kuma sun rabu biyu tun da daɗewa. Georges Doriot, wanda kamfaninsa ya sa dala 70,000 a Digital Equipment a 1957, an san shi da cewa gara mutum mai daraja ta ɗaya da dabara mai daraja ta biyu, da a ce akasin haka. Don Valentine na kamfanin zuba jari na Sequoia kuwa kasuwa yake fara dubawa, in girmanta ya yi masa zai iya canza shugabanni, kuma an gani a Cisco, a 1990 aka sallami Sandy Lerner, mijinta Len Bosack da suka kafa kamfanin tare ya bi ta, kamfanin bai tsaya ba sai ma ƙara girma da ya yi.

An yi bincike a kai ma. Steven Kaplan na jami'ar Chicago da abokan aikinsa biyu sun bi kamfanoni 50 tun daga takardar tsarinsu ta farko har suka shiga kasuwar hannun jari, an buga a 2009, suka ce mahayi za a zaɓa ko doki, wato shugabanni ko sana'ar. Abin da suka gani shi ne kusan dukkansu suna kan sana'ar da suka fara da ita, amma shugabannin an yi ta sauya su. Sai kuma wani binciken da shi Kaplan ɗin yana ciki, da aka tambayi masu zuba jari 885, kashi 47 cikin ɗari suka ce tawagar ita ce abu mafi muhimmanci a wajensu. Ka ga abin da suke faɗa daban, abin da aka gani a ƙasa daban.

Injiniya Sabo:
Yauwa Malam Allah ya ƙara ilimi. Doki ne. An canza mahaya an kai gaci.

Maman Walid:
Injiniya tsaya tukuna, binciken nan waɗanda suka kai gaci kaɗai ya ƙirga. Waɗanda suka fara da dabara mai kyau rigima ta wargaza su a shekarar farko ba su cikin 50 ɗin, ba wanda ya bi sawunsu. Kuma irin wannan gyaran ya hau kan su Abu Khadija ma, don na san yanzu za a kawo mana Slack da Instagram.

Abu Khadija:
Anti ai kin riga ni, su zan kawo kuwa. Stewart Butterfield wasan kwamfuta ya kafa kamfani don ya yi, Glitch, ya ƙi karɓuwa suka rufe shi a 2012, sai suka waiwayi ɗan abin da suka haɗa wa kansu don yin magana tsakanin ma'aikata suka mai da shi manhajar Slack, wanda Salesforce ta saya kan dala biliyan 27.7. Kuma ba karon farko ba kenan, Flickr ma daga wani wasan nasa da bai yi ba ya fito a 2004. Mutum ɗaya, dabara ta mutu masa sau biyu, sau biyu yana fitar da wani abu daga gawar. Instagram kuma Burbn ne sunansa da farko, cike da tarkace, Kevin Systrom da Mike Krieger suka lura hoto kawai mutane ke sawa suka zubar da sauran, 2010 suka fito, 2012 Facebook ta saye su dala biliyan ɗaya suna su 13. In wannan ba mutane ba ne toh mene ne

Maman Walid:
Mutane ne, ban musa ba, amma su nawa ne suka juya irin wannan juyin suka faɗa rami ba wanda ya ba da labarinsu? Ni abin da ke damuna da muhawarar nan shi ne ana maganar mutanen kirki kamar wani abu ne da ake sayowa a shigo da shi. Bari in ba ku labarin masana'antar mota ta Fremont a Kalifoniya don shi ne ya canza min tunani.

Masana'antar General Motors ce, wato GM, kuma an yi ittifaƙi ma'aikatanta su ne mafi muni a duk harkar mota a Amurka. Ana shan giya a bakin aiki, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa, yajin aiki ba iyaka, wasu da bakinsu suka faɗa cewa sukan jefa kwalba a cikin ƙofar mota don ta riƙa ƙara ta dami mai saye. 1982 aka rufe. 1984 Toyota ta shigo suka yi haɗin gwiwa da GM aka sake buɗewa da sunan NUMMI, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka su ne dai tsofaffin ma'aikatan nan, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagon da ake cewa su ne masu tada fitina. Aka kwashi wasu aka kai su Japan suka ga yadda ake yi.

Abin da suka gani ɗin ƙarami ne a ido. Akwai igiya a saman layin haɗa motar, duk ma'aikacin da ya ga noti bai ɗauru ba ko wani abu bai zauna daidai ba sai ya ja, fitila ta kama, shugaban rukuninsu ya taho da sauri ya tambaye shi me ya faru mu gyara, in ba a gyara ba cikin ɗan lokaci layin gaba ɗaya ya tsaya. A tsohon tsarin GM kuwa dokar ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru, ka ga kuskure da idonka ka bar shi ya wuce, a gyara a fili daga baya. Ka yi tunanin mutumin da ya shekara ashirin ana nuna masa idonsa ba shi da amfani, rana ɗaya aka miƙa masa igiya aka ce kai ka fi kowa sanin wurin nan. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka koma sahun gaba a inganci a duk GM, rashin zuwa aiki ya faɗi warwas. Mutanen su ne dai na jiya, mota kuma ba sabuwar dabara ba ce.

Hajiya Binta:
Ma sha Allah, wannan ya shige ni wlh

Injiniya Sabo:
Toh Maman Walid igiyar nan da tsarin Toyota gaba ɗaya ba dabara ba ce? Wani ne ya zauna ya yi tunaninta, Taiichi Ohno da mutanensa suka shekara da shekaru suna gina ta. Kin ga kin dawo wajena, an kawo dabara mai kyau ta gyara mutanen banza.

Maman Walid:
Dan Allah kar ka ce musu mutanen banza, ba su taɓa zama na banza ba, abin da nake ta faɗa kenan. Kuma in dabara ce kawai da GM ta kwafe ta cikin sauƙi, ai rabin masana'antar nata ne, manajojinta suna shiga suna fita suna ɗaukar hoto. An kai igiyar wasu masana'antun nasu aka rataya, amma wanda ya ja sai ya sha faɗa don an rage adadin motocin ranar, toh wa zai sake ja? Sai da suka kwashe shekaru kafin abin ya fara shiga. Igiya ana sayenta, amma shugaban da zai taho da gudu ya ce me ya faru maimakon wa ya tsayar min da layi, shi ba a rataya shi.

Na gani da idona a wani kamfanin manhaja da na yi aiki, ba zan kama suna ba. Ina sashen amsa kiran kwastomomi, kullum ƙorafi ɗaya ne, mutane na maƙalewa a wajen biyan kuɗi su fita. Muna rubutawa a rahoton mako, amma kafin ya kai sama sai manajanmu ya goge layin ya sa "ƙananan matsaloli", saboda shafin biyan kuɗin mai kamfanin ne da kansa ya zana shi kuma an san yadda yake yi in an taɓa abinsa. A mitin kowa ya yi shiru yana kallon tebur. Abin da suke sayarwa yana da kyau har yau ina faɗa, ma'aikatan ma haziƙai ne, amma haka muna ji muna gani kwastomomi suka watse.

Malam Tijjani:
Abin da kika gani an rubuta irinsa game da Nokia. Masu bincike biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira 76 da manajoji da injiniyoyin kamfanin da wasu masana na waje, suka gano manajojin tsakiya sun san manhajarsu ta Symbian ba za ta iya karawa da iPhone ba amma tsoron na sama ya sa suke kai labari mai daɗi. Sannan Boris Groysberg na Harvard ya bi taurarin masu nazarin hannun jari sama da 1000 a bankunan Amurka, ya ga in aka saye tauraro aka kai shi wani banki aikinsa yakan faɗi har na tsawon shekaru, sai dai in ya tafi da abokan aikinsa. Matan cikinsu ma sun fi riƙe ƙoƙarinsu bayan sauyin. Wato ƙwarewar da muke ɗora wa mutum ɗaya, wani kaso nata na wurin ne da mutanen da ke kewaye da shi.

Amma Injiniya yana da gaskiya a wani wuri kuma kar mu danne ta. Akwai kasuwar da in ta mutu ba haziƙin da zai tashe ta. Kodak ana yawan cewa sun ƙi kyamarar dijital, ba haka abin yake ba gaba ɗaya. Injiniyansu Steven Sasson ne ya haɗa ta farko a 1975, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kaset, kuma daga baya sun sayar da kyamarorin dijital sosai har sun kai na ɗaya a Amurka a 2005. Matsalar ita ce ribar da ke cikin fim da wanke hoto babu irinta a dijital, ko waye shugaba. 2012 suka shigar da takardar karyewa.

Abu Khadija:
Malam amma Fujifilm fa? Guguwa ɗaya ce ta same su. Shugabansu Shigetaka Komori ya sa aka zauna aka lissafa me suka iya wanda ba hoto ba, suka ga sun san sinadarin kolajin da hana abu lalacewa saboda aikin fim, suka shiga kayan shafa da Astalift a 2007, suka sayi kamfanin magani Toyama Chemical a 2008, suna yin fatar da ake sawa a allon talabijin. Ga su nan har yau. Intel ma a 1985 kamfanonin Japan sun ƙwace musu kasuwar ma'adanar bayanai ta kwamfuta, abin da aka kafa kamfanin a kansa kenan, Andy Grove, ɗaya daga cikin shugabannin Intel, ya tambayi Moore in aka kore mu aka kawo sabon shugaba me zai yi, Moore ya ce zai fitar da mu daga wannan sana'ar, ya ce toh me zai hana mu fita ta ƙofa mu dawo mu yi da kanmu. Kuma kafin su yanke hukuncin ma manajojin tsakiya sun riga sun fara karkatar da aikin masana'anta zuwa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ita ke kawo riba, ba wanda ya hana su.

Injiniya Sabo:
Naji, amma ku lura duk misalan nan naku sai da aka samu dabara ta biyu mai kyau kafin aka tsira. Da Fujifilm ba su da ilimin sinadaran nan a hannu da Komori bai da abin juyawa. Ni har yanzu in aka ajiye min haziƙai biyar ba su san me za su sayar ba, da matsakaita biyar da kwastomomi ke bin su da kuɗi a hannu, na biyun zan sa wa jarina. Bill Gross na Idealab, kamfanin da ke kafa sabbin kamfanoni, shi ma da ya duba kamfanoni 200 a 2015 fitowa a daidai lokaci ne ya zo masa na ɗaya, kafin tawaga, kafin dabara. Webvan ta karye a 2001 tana kai wa mutane cefane gida, Instacart ta zo a 2012 da kowa ke da waya a aljihu ta yi nasara.

Maman Walid:
Matsakaitan naka za su ci shekara uku lafiya lau, ranar da wani ya shigo kasuwar da abin da ya fi nasu shi ne za ka so ka san ko akwai mai iya buɗe baki a cikinsu.

Autan Zaure:
Toh ni yanzu yaya zanyi kenan, in faɗa ko kar in faɗa? kuma in na samu mai rubuta manhajar rabi da rabi zamu yi ko yaya, gaskiya kun ƙara ruɗa ni

Maman Walid:
Auta ka faɗa, amma ka fara da waɗanda kake sa ran za su biya kuɗi su yi amfani da abin, ba mai rubutawa ba. Ka same su ɗaya bayan ɗaya, kar ka tambaye su ko dabarar ta yi kyau don kunya za ta sa su ce eh, ka tambaye su yanzu yaya suke magance matsalar kuma nawa take cinye musu. In ka dawo da sunayen mutanen da suka ce suna jira, ka zo wa mai rubuta manhajar da abin da shi ba shi da shi, ba zai gudu ya bar ka ba don yana buƙatarka.

Shi kuma kafin ku yi maganar kaso ku yi wani ƙaramin aiki tare na 'yan makonni, da gangan ka nuna masa wani wuri da kake ganin ya yi kuskure ka ga fuskarsa, kai ma ka lura da kanka in ya ce maka wani ɓangaren dabararka ba zai yi ba. Rabon kuma ku rubuta shi a takarda tun kuna shiri, kuma kar kowa ya karɓi kasonsa duka rana ɗaya. Yadda sabbin kamfanoni suka saba yi a Amurka shi ne hannun jarin yana zama naka a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekarar farko ta cika ba ya tafiya da komai, kuma sharaɗin ya hau kanka kai ma ba shi kaɗai ba. Ku samu lauya ya duba muku kafin ku sa hannu.